Muryar Yaya kan maganar kai Baffa gidan kula da tsofaffi

Salamu alaikum 'yan'uwa, da fatan an wuni lafiya. Ku yi haƙuri murya zan yi, abin ya fi ƙarfin rubutu. Auta, na ga saƙonka tun safe, wai me da me za a haɗa wa Baffa tunda ranar Litinin za a kai shi gidan kula da tsofaffin, kuma me za ku tarar a can. To ni na san ka. Ba kaya ne ke damunka ba, in kaya ne ai matarka za ta haɗa jaka cikin minti goma. Abin da ke cin ranka shi ne ko kun yi daidai, kuma in kun juya baya kun bar shi me zai same shi. Wannan zan amsa maka.

Da farko dai kar wanda ya zo zauren nan ya ɗora muku laifi. Mutum ɓarin jikinsa ya shanye, ga mantuwa ta shigo, sai an ɗaga an kwantar, shekara biyu kuna fama ku biyu. Wanda bai taɓa ciccibar babban mutum daga gado zuwa bayi da ƙarfe uku na dare ba, ya ja bakinsa ya yi shiru kawai. Na rufe wannan.

Yanzu abin da za ku gani. Satin farko, na biyu, har na huɗu ma, zai yi muku kamar ya ƙara lalacewa, ku shirya wa wannan tun yanzu. Mai ciwon mantuwa da sabo yake rayuwa, ƙafarsa ta san hanyar bayi ko da kansa ya manta sunan jikansa. Rana ɗaya ka canja masa ɗaki, ka canja gado, fuskoki duk baƙi, dole ya rikice. Musamman da yamma, rana na faɗuwa za ka ga hankalinsa ya tashi, yana neman takalmi, yana cewa a mai da shi gida. Zai faɗa maka, Auta, zai riƙe hannunka ya faɗa maka, kuma zai yi maka ciwo. Kar ka tsaya gardama da shi kana cewa ai nan ne gidanka yanzu. Ka ja shi da hirar da, ka bar maganar ta wuce. Kuma fa ba shi kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun haura miliyan 55, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in ciwon mantuwar da ake kira Alzaima ne, saboda haka ma'aikatan can sun saba jin "ku mai da ni gida" kullum ta Allah. Lokacin nan ne kuma ake yawan faɗuwa, tsoho ya tashi cikin duhu ya nufi inda bayi yake a tsohon ɗakinsa. Ku ce a saukar da gadon ƙasa-ƙasa, a bar ƙaramar fitila da dare. Ƙararrawar kiran ma'aikata kuma a ajiye ta ɓangaren hannun da ke aiki, don na taɓa ganin an ajiye wa wani bawan Allah ita a ɓangaren da ya shanye, ka ji fa.

Amma, ka saurara da kyau nan, rikicewa iri biyu ce. Akwai ta baƙunta, wadda ke sauƙi a hankali. Akwai kuma wadda za ta zo farat ɗaya, jiya kun yi hira lafiya lau, yau bai gane ka ba, ko yana ta barci ba ya tashi, ko yana ganin abin da babu. Wannan ba tsufa ba ne, kar ka yarda a ce maka tsufa ne. Sau da yawa ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsara ko huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko kwana da kwanaki bai yi bayan gida ba, ko sabon magani aka fara masa. Ranar nan za ka ce likita ya gan shi, ba gobe ba.

Kayan da ka tambaya kuwa, tufafi masu sauƙin sawa da cirewa, takalmi mai kama ƙafa wanda ba ya santsi, hotunan iyali, bargonsa da ya saba, rediyonsa. A rubuta sunansa a jikin komai, don wanki a haɗe ake yi, za ka je ka ga rigarsa a jikin wani. Komai fa na ce. Tabarau, na'urar kunne, haƙoran roba...

Haƙoran roba. Hmm. Ku da kuka san zaman Inna a irin wannan gida, Allah ya jiƙanta, kun san abin da zan faɗa, amma sai na faɗa. Sati biyu da kai ta aka fara ce min wai ta ƙi abinci. Kullum na kira, ta ƙi abinci. Na je na gan ta ta rame, kumatu sun faɗa, ni kuma ban kawo komai a raina ba, na ɗauka fushi take da mu. Har aka fara maganar wai damuwa ce, a rubuta mata magani. Sai ranar da na zauna zan ba ta da hannuna, ta buɗe baki, na ga dasashi zalla. Ina haƙoran? Aka hau kallon-kallo. Ashe ta saba in ta gama ci sai ta cire su ta naɗe a takardar goge hannu ta ajiye gefen faranti, a gida kowa ya san haka, ba mai taɓawa. Can kuwa wata ta kwashe faranti da takardar gaba ɗaya ta zuba a shara. Sati uku baiwar Allah ba ta iya tauna, ba wanda ya duba bakinta. A'a, ba uku ba, ya fi haka, don sai bayan na dawo daga tafiyar nan na gane, wajen sati biyar ke nan. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, da na ce a biya, sai aka zaro min takardar yarjejeniya, wai ga shi nan na sa hannu ba ruwansu da abin da ya ɓace. Ni ce na sa hannu kuwa, ban karanta ba. Sabbin haƙoran ma da aka yi ba su taɓa zama mata daidai ba, dasashi ya riga ya motse, har ta koma ga Allah tana ƙorafinsu. Har yau in na ga an naɗe abu a takarda gefen faranti sai gabana ya faɗi.

To, ba ina cewa mugaye ba ne, kar a fahimce ni ba daidai ba. Yarinyar da ta zubar ma ta zo ta ba ni haƙuri har da hawaye. Laifin, in za a yi gaskiya, rabi nawa ne, don ban faɗa musu halin Inna ba. Shi ya sa Auta ka zauna yau ka rubuta shafi ɗaya a kan Baffa. Sunan da yake so a kira shi, ƙarfe nawa yake tashi, lokutan ibadarsa, me ke ɓata masa rai, ko ba ya son mace ta yi masa wanka, wane kunne ya fi ji da shi. A kwanakin farko za su zauna da ku su tsara yadda za a kula da shi, ku je wannan zaman, ku ce a sa waɗannan a ciki, ku karɓi kwafi. Ku ce kuma a auna nauyinsa ranar da ya shiga. In ya ragu da kashi 5 cikin ɗari a wata guda, ko kashi 10 a wata shida, ba ƙaramar magana ba ce. Da na san wannan lokacin Inna...

Bari dai in bar nan. Magunguna. Ku kai su duka a kwalayensu, da takardar sallamar asibiti ta ƙarshe, har da waɗanda ake saya masa ba da rubutun likita ba. Ku ce duk maganin da za a ƙara ko a cire a sanar da ku, musamman masu sa barci da na kwantar da hankali, don suna ƙara jiri da faɗuwa. In ka je sau biyu uku da rana tsaka ka same shi yana layi, ka tambaya me aka ba shi. Sannan haɗiya. Tun daga shanyewar jikin nan yana ƙwarewa da ruwa, ku faɗa musu a zaunar da shi sosai kafin a ba shi komai, a daɗe kafin a kwantar, don in abu ya bi ta huhu shi ke kawo nimoniya, wato ciwon huhu.

Sai gyambon kwanciya, wannan kam da idonka za ka duba, kar ka ji kunya. Diddige, ƙugu, ƙasan baya wajen tsatso, gwiwar hannu. Wanda ba ya iya juya kansa, ana juya shi kamar kowace awa biyu, in ba haka ba cikin 'yan awoyi fata ke fara mutuwa. A fata mai duhu ba lallai ka ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ka ji ɗumi, ko tauri. Ka tambaye su ma'aikata nawa ke kwana da dare, kuma akwai nas ko babu, don da rana ko'ina kyau gare shi. Ziyara ma kar ku sa mata lokaci ɗaya. Yau da safe, jibi lokacin cin abinci, wata rana da daddare. Ba don kama ɓarawo ba, don ka san ainihin yadda yake wuni. Mu da korona ta same mu a 2020, ta taga muke ganin Inna wata da watanni, don haka ku da ƙofa ke buɗe muku... bar shi dai, ba sai na ƙarasa ba.

Abu ɗaya kuma don Allah, ku fitar da mutum ɗaya da za a riƙa kira. Ba yau Yaya Babba ya kira ya ce kaza, gobe kai ka ce a'a ba. Ku yanke tun yanzu wa ke sa hannu in an ce asibiti cikin dare, ku tambayi Baffa ra'ayinsa ranar da kansa ke daidai, tun yana iya faɗa.

Takardar yarjejeniyar nan kuwa kar ka sa hannu a tsaye. Ka duba me kuɗin wata ya ƙunsa, me ake biya daban, famfas, wanki, gashin ƙashi, rakiya asibiti, ko ana ci gaba da cajin ɗaki in an kwantar da shi a asibiti, kwana nawa ake ba da sanarwa in za a ƙara kuɗi ko za ku ɗauke shi. Da layin kayan da suka ɓace ɗin nan. Ka ɗauki hotonta ka turo min ta gefe yau da daddare in duba. Litinin ɗin kuma ku je da safe, kar ku kai shi da yamma. Cajina ya kusa ƙarewa, ka gaida min Baffa da jiki.