Tambaya da Amsa: Kiwon Kaji a Cikin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi 'yan tsaki 30 da hunturu, na ajiye su a kwali. Kafin sati uku 11 sun mutu. Kullum suna cunkushe a lungu ɗaya, daga baya kuma na ga jini a kashinsu. Ina kuskuren yake? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Abu biyu ne suka haɗu: sanyi da damshi. Ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa, don haka a satin farko yana buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane sati har gashi ya rufe shi. Ko ba ki da ma'aunin zafi, su da kansu za su nuna miki. In sun taru a gindin fitilar da ke ɗumama su suna ta kuka, sanyi suke ji, kuma a nan ne na sama ke danne na ƙasa har ya mutu. In sun guje ta suna haki baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna tsattsagar abinci, daidai ke nan. Idan da kaskon gawayi kike ɗumama su, ki bar kafar da iska za ta shiga, domin hayaƙin na kisa.

Kashin jini kuwa yawanci cutar hanji ce da ke yaɗuwa a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Ki zuba dusar katako mai kauri, kamar tsawon ɗan yatsa, ba lallausan gari ba, don shi suna cinye shi. Ki ɗora mazubin ruwa a kan bulo, ki kwashe duk inda ya jiƙe nan take. Maganin da aka saba bayarwa shi ne Amprolium a ruwan sha, amma likitan dabbobi ya faɗa miki adadi.

Tambaya: Na ƙaro kaji biyu daga kasuwa, bayan 'yan kwanaki sai kajina na gida suka fara zawo kore, wuyansu na murɗewa. Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, alamun nan sun yi kama da cutar Niyukasil, wadda ta fi ɓarna da hunturu, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Sabuwar kaza a killace ta ita kaɗai sati biyu kafin a haɗa. Ana ba da rigakafin Lasota a ruwan sha. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a jihar Filato, ma na yin irinsa. Ka ɗauko shi cikin ƙanƙara, ka janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu, sannan ka ba su ruwan rigakafin, su shanye kafin awa biyu. Kada ka haɗa da ruwan famfo mai kulorin, yana kashe rigakafin. Lafiyayyu kaɗai ake ba. Waɗanda suka mutu a binne su da zurfi, kada a jefa a kwata ko bola.

Tambaya: Sai da zakara kaza ke yin ƙwai? Maƙwabta na kuka da carar asuba.

Amsa: A'a. In ƙwan ci kake so, kaza na yi ba zakara, tun daga sati 18 zuwa 20 ga kajin gidan gona. Sai in ƙyanƙyasa kake nufi, nan zakara ɗaya ya ishi kaji goma.