Amsa: me ya sa ilektaron biyu ke ficewa tare?

Malam, ka tambaya yadda ilektaron biyu (ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke kewaye cibiyar atam, wato ƙwayar zarra) ke barin atam ɗin iskar hiliyam kusan lokaci guda a cikin hasken leza mai ƙarfi, alhali na biyun ya fi wuyar cirowa.

Ilektaron na farko ne ke jawo hakan. Hasken yakan fisge shi, amma kafin femtosakan biyu (femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa) alkiblar ƙarfin lantarkin hasken ta juya, sai ya dawo a guje ya bangaji ɗan'uwansa, su fita tare. Masanin kimiyya Paul Corkum ya bayyana wannan a 1993, gwajin 1994 kan hiliyam kuwa ya sami ficewar biyun ta kai ninkin-ba-ninkin abin da aka yi hasashe in da kowanne shi kaɗai hasken ke cirowa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni: idan aka sa ƙarfin hasken ya riƙa zagaye kamar da'ira, ilektaron na farkon yakan kuskure atam ɗin wajen dawowa, ficewar biyun ta ragu ƙwarai.