Na'urar garka tana mutuwa tana tashi, amma a gaban kwamfuta lafiya lau

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan Damagaram. Na haɗa wa kawuna wata ƴar na'ura a garkarsa ta Mirriya: ESP32, wato ƙaramin katin da ke zama ƙwaƙwalwarta, da rele, makunnin da ke kunna famfo, da SIM800L mai aiko masa saƙo ta layin waya. Farantin rana da batir ke ba ta wuta. Sai ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, galibi bayan la'asar. In na kawo ta gida na jona da kwamfuta, ko gezau. Sau uku ina sake rubuta shirin. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙanena, ajiye shirin nan tukuna, kada ka bar jaki kana dukan taiki. Na'urar ta san abin da ya kashe ta, ba ka tambaye ta ba ne.

ESP32 tana riƙe dalilin tashinta na ƙarshe. A farkon shirinka ka kira esp_reset_reason(), ka rubuta amsar cikin filash, wato ma'ajiyarta da ba ta gogewa ko wuta ta ɗauke, tare da lokaci, sau ɗaya a kowane tashi. Bar ta kwana biyu a garka, sannan ka karanta. In ka ga ESP_RST_BROWNOUT, wuta ce ta yi ƙasa. ESP_RST_TASK_WDT kuwa mai gadi ne, wato agogon da ke sake tada ta idan shiri ya maƙale. ESP_RST_PANIC ita ce ke cewa shirinka ya taka inda bai kamata ba.

Ni dai zatona wuta ce. SIM800L tana son bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma sa'ad da take magana da eriya takan fizgi har amfiya 2 cikin ƙiftawar ido. Bayan la'asar rana ta yi sanyi, batir ya fara gajiya, famfo na ja, sai saƙo ya tashi. Nan take wutar ta nutse. Mitarka ta hannu ba za ta nuna maka ba, don kafin lambobinta su motsa abin ya wuce. A gida kuwa igiyar USB ce ke shayar da katin daga kwamfuta, famfon ma ba ya nan. Ka ga ka raba mara lafiya da cutarsa, sannan ka kai shi gaban likita.

Don haka can garka za ka saurare ta. Ka samu ƴar adaftar siriyal mai kai wa kwamfuta abin da na'urar ke rubutawa, ka jona wayoyi biyu kawai, TX (ƙafar aikawa) na ESP32 zuwa RX (ƙafar karɓa) na adaftar, da GND (wayar ƙasa), a gudun 115200, kada ka jona wayar wuta. Ka zauna gindin mangwaro ka jira. In wutar ce, za ka ga ta rubuta "Brownout detector was triggered" kafin ta faɗi. Maganinsa: kondansa (ƴar ma'ajiyar wuta) mai mikrofarad 1000 dab da ƙafafun SIM800L, wayoyi gajeru masu kauri, layin wutarta daban, da diyod 1N4007, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan naɗin wayar rele idan katinsa bai zo da ita ba.

In kuma shirin ne, kada ka cika shi da rubuce-rubucen siriyal. A gudun 9600 kowane harafi na cin kusan milisakan 1, layi mai harafi 40 ya ci milisakan 40, sai tafiyar shirin ta sauya, kuskuren ya ɓuya kamar ya warke. Gara ka ba kowane mataki lamba, ka riƙa ajiye 20 na ƙarshe a ma'ajiyar RTC da ke cikin ESP32, wadda ba ta gogewa in na'ura ta sake tashi, sai dai in wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Sawun nan shi zai nuna maka inda ta tsaya. Irin wannan bin sawun ne ya ceci na'urar Pathfinder ta NASA a duniyar Mars a 1997: ita ma mai gadinta ke ta sake tada ta, sai da injiniyoyi suka maimaita matsalar a kan irinta da ke ƙasa suka ga aikin da ke tare hanya.

JTAG, hanyar shiga ƙwaƙwalwar na'ura kai tsaye, tare da manhajojin OpenOCD da GDB suna aiki a ESP32, ta ƙafafu masu lamba 12 zuwa 15, ka tsayar da shiri ka leƙa cikinsa. Amma ka cire famfo kafin ka yi. In ka tsayar da ƙwaƙwalwa rele na kunne, a kunne zai zauna, ruwan kawu ya yi ta malala, kuma ka san darajar ruwa a ƙasar nan.

Ka aiko mini da abin da filash ta rubuta bayan kwana biyun, da ƙarfin batir da azahar da kuma magariba.