Kazar da ta lafe bayan randa

'Yata, saƙonki ya iso. Na sa ƙaninki ya karanta mini har sau biyu, ina ta dariya. Kin ce kazar da surukarki Inna ta ba ki bayan tarewa ta shige bayan randa ta lafe a kan ƙwai, in kin miƙa hannu sai ta kumbura ta kai miki sara, kwana 3 ba ki ga ta ci abin kirki ba, har kina zaton ciwo ne. Kin kuma tambaya ko da gaske ba a taɓa ƙwan kwanci da hannu, da batun ƙwan zabin da Inna ta ce a haɗa mata.

Lafiyarta ƙalau, kwanci take yi. Kwana 21 za ta yi a haka. Sau ɗaya a yini takan sauka, ta yi wani ƙaton kashi mai wari, ta ɗan tsattsaga hatsi, ta sha ruwa, ta yi birgima a ƙasa, ta koma. Ke dai ba ki dace da lokacin ba ne. Ajiye mata gero ko dawa da ruwa a kasko, ɗan nesa da gurbin yadda dole ta tashi ta miƙe ƙafa. In kin sa mata a gaban baki, tana iya ɓata gurbin da kashi.

Bayan randa kam bai yi mini ba. Ga danshi, ga yara masu zuwa shan ruwa. In za ki ɗauke ta, ki bari sai bayan isha'i, ki ɗauke ta da ƙwan gaba ɗaya zuwa akurki ko wani lungu mai duhu, ki kife ta da kwando har washegari. Da rana tsaka in kika yi, za ta koma tsohon wurin ta kwanta a kan ƙasa tsura, ƙwan su huce. Kafin ki shimfiɗa ciyawa ki barbaɗa toka a ƙasa, ki kuma zuba wata tokar a inda take birgima. Ƙuma da ƙwarƙwatar kaji sun fi samun kaza a lokacin kwanci, domin ba ta motsi. Na ga kazar da ƙuma suka baƙanta mata ido da zanko har ta tashi ta bar ƙwai saura kwana 4.

Batun taɓawa, asalinsa daga zabuwa ne. Ita ce mai ƙyuya, takan yi gurbi a cikin ciyawa, in ta ga ana yawan zuwa sai ta ƙaurace, shi ya sa muna yara da ludayi ake aikenmu kwaso ƙwanta. Kazar gida ba ruwanta. Abin da ba a so shi ne hannu mai maiƙo, da girgiza ƙwan, da wanke shi da ruwa. Ki ma taɓa su yau: ɗauki gawayi ki yi wa kowanne zane. Wasu kajin sukan shigo su ƙara mata sabon ƙwai, wanda duk kika gani babu zane ki cire ki soya wa maigidanki. Kuma kada su wuce 10, iyaka 12. In kina hango ƙwai ta gefen fiffikenta, sun yi mata yawa. Bayan kwana 10, ki haska kowanne da fitilar waya da dare. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo. Wanda ya haske fayau baragurbi zai zama, ki fitar da shi kafin ya fashe ya ɓata sauran.

Ƙwan zabi kuwa, al'adar gaskiya ce, don zabuwa ba ta iya reno, cikin raɓa take jan 'ya'yanta su ƙare. Amma nata ƙwan kwana 26 zuwa 28 yake yi. Taki kazar ta riga ta ci kwana 3, in kin sa yanzu, 'yan tsakinta za su fito da sama da mako guda kafin na zabin, ita kuma kwana ɗaya ko biyu take jira ta tashi. Mu kan fara sa na zabi ne, bayan mako guda mu ƙara na kaza, su fito tare. Kada ki ce wa Inna ta yi kuskure. Ce mata Gwaggo ta ce a bari sai kwanci na gaba.

Ranar ƙyanƙyasa za ki ji tsiyu-tsiyu tun kafin ki ga komai. Ki kama hannunki. Tsako yakan huda ɓawo ya huta kusan yini guda kafin ya ƙarasa. Ina amarya kamar ke na ɓare wa guda biyu don tausayi, jini ya fito, kafin magariba sun mutu, kakarki ta yi kwana 2 ba ta yi mini magana ba. Ranar farko ma ba sa bukatar ci, gwaiduwar da ke cikinsu na riƙe da su.

Aikinki na gaske daga nan yake farawa, don yawancin asara bayan ƙyanƙyasa ake yin ta. Ba a banza aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa ba. Mako 2 na farko, har 3 in kin iya, ki kife su da uwar a babban kwando, ki riƙa matsar da shi: hantsi da safe, inuwa da rana. Ba su tsakin gero ko na masara mai laushi, da dusa. Tsaki kaɗai ba ya gina jiki. Mu tsohuwar tukunya muke cusa wa busasshen kashin shanu da karmami, mu yayyafa ruwa, mu kife a bakin shuri, da safe ta cika da gara. Ki ga yadda uwar ke ɗauka tana ajiyewa tana kiransu ƙut-ƙut, ita ba ta haɗiye ba. Ruwa kuma a faranti marar zurfi, ki zuba tsakuwa a ciki, don tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Da dare ki toshe ƙofar akurki saboda gafiya da muzuru da maciji. Wasu suna shafa musu shuni don shirwa ta kasa gane su, ni dai kwandon na fi yarda da shi.

Sai ciwon fakat, mai share kajin unguwa da hunturu. Mun jiƙa ɓawon maɗaci, mun daka barkono da gautan kaji, duk da haka mun sha kwasar gawa da safe. Rigakafi ne maganinsa, irin wanda ake ɗigawa a ido, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin sa. Tambayi malamin dabbobi na wajenku, ku haɗu da maƙwabta ku yi rana ɗaya, don kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya. Kazar da aka sayo a kasuwa kuma kada ta shiga cikinsu sai ta yi mako 2 a ware.

In sun tasa, ki zaɓi sagara mafi kyau ki kai wa Inna, haka ake yi. Ta biyun tawa ce, na riga na kama. Ki gaishe ta, ki gaida maigidan naki.