Wane garin furotin zan saya bayan tiyatar rage tumbi?

Tambaya: Anti, an min tiyatar rage tumbi saboda ƙiba, likita yace in riƙa shan garin furotin amma kala-kala ne a kemis, wanne zan ɗauka?

Amsa: Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara lafiya. Yawanci ana so ki samu gram 60 zuwa 80 na furotin kullum, kuma cikinki yanzu ɗan mitsitsi ne. Nemi wanda aka rubuta whey isolate (furotin da aka tace daga madara) a jikin gwangwanin, baya kumbura ciki sosai, sannan dan Allah ki duba sukarin ciki don in yayi yawa sai kiji jiri da zufa har da gudawa. Kolajin (collagen), wani nau'in garin furotin, shi kaɗai bai wadatar ba. Kurɓa kaɗan-kaɗan, in likita ya yarda ki ƙara da ƙwai, kifi da awara.