Tambayi likita: wai mata sun kamo maza a shan sigari?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni sun taru min wannan satin, uku daga ciki kuma duk kan taba suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Wata ɗaliba daga Samaru ta ce: "Likita dan Allah raba mana gardama, ƙawata ce ta dage wai yanzu mata sun kamo maza wajen shan sigari a duniya."

Ƙanwata, ke kika ci gardamar. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, maza kusan 37 cikin 100 ne ke amfani da taba, mata kuwa ba su cika 8 cikin 100 ba, kuma fa har da masu taunawa da masu shaƙawa aka haɗa. A 2000 matan sun kai kusan 16, kin ga raguwa ma ake yi. Amma ƙawar taki ba daga sama ta tsinto maganar ba, don a Turai mata kusan 18 cikin 100 ne, a ƙasa irin Faransa tazarar maza da mata ba wata mai yawa ba ce, alhali a ƙasar Sin kusan rabin maza na sha amma mata wajen 2 ne kacal cikin 100. Nan Najeriya binciken da aka yi a 2012 ya nuna masu busa sigari a mata ba su kai 1 cikin 100 ba. Ni dai wannan adadin namu ina ɗan sa masa ayar tambaya, wace mace ce a Zariya za a zo da takarda a tambaye ta a tsakar gida, uwar miji na zaune kan tabarma tana tsince wake, ta ce e ina sha? Ko a asibiti sai na ce wa 'yar rakiya ta ɗan jira a waje tukuna nake jin gaskiya.

Wata daga Sabon Gari kuma: "Ni wallahi ban taɓa sa sigari a baki ba, shisha kawai nake ɗan ja in ana biki, kuma an ce ruwan yana tace dattin."

'Yar uwa, wanda ya faɗa miki haka ya cuce ki. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake, shi ya sa bai shaƙe ki sai ki yi ta zuƙa har ƙasan huhu, ga ƙamshin tuffa ko na'ana'a ya rufe warin. Taba ce a ciki. Zaman awa ɗaya hayaƙin da mutum zai zuƙa na iya kai na kara 100, ga gawayin da ke sama yana fitar da iska mai guba, ita ce ke kawo jirin nan da ciwon kai bayan an tashi. In kuma kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu kuma kin wuce shekara 35, ki faɗa wa mai ba ki maganin, don haɗuwarsu da taba na jawo daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki.

Sai wata baiwar Allah daga Tudun Wada: "Cikina wata shida, maigidana a ɗaki yake sha da dare amma yana buɗe taga, akwai matsala?"

Akwai, Hajiya. Taga ba ta isa ba, hayaƙin na maƙalewa a labule da katifa, kuma duk shekara mutum sama da miliyan 1 ne ke mutuwa a duniya saboda hayaƙin da wani ya busa. Ga mai ciki yana rage iskar da ke isa wa jariri, sai a haife shi ɗan ƙarami ko bakwaini, bayan haihuwa kuma tari da ciwon kunne su yi ta damunsa. Kar ki tare shi da faɗa, ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi ki roƙe shi ya riƙa fita ƙofar gida, ya wanke hannu ya canza riga kafin ya shigo. In ya ƙi ji, ki taho da shi ranar awo, ni zan yi masa bayani da kaina.