Riƙon maraya daga gidan marayu: ta ina ake farawa?

'Yar'uwa, kin ce kina son ɗauko yaro daga gidan marayu ki riƙe, kuma wata ta ce za ta haɗa ki da mai gidan "a gama a sirrance". Don Allah kada ki bi ta nan. Duk inda aka ce ki kawo kuɗi a miƙo miki jariri ba takarda, hanyar safarar yara ce, kuma irin wannan ne NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ke kama mutane a kai, ko da niyyarsu mai kyau ce.

Ki tafi sashen jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Mata ta jiharku. Su ke sa ido kan gidajen marayu. Za ki rubuta takardar neman riƙo, jami'ansu su zo su ga gidanki da yadda kike samun abin masarufi, su ji ta bakin maigida, sannan kotu ta ba da izini. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ce tushen wannan tsari, jihohi kuma kowacce da tata.

Abin yana ɗaukar lokaci, sai kin yi haƙuri. Kuma idan an san mahaifin yaron, a bar masa sunan ubansa, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta umarta.